Faɗakarwa kan sida a Tasawa da Mayahi: kayan aro ba ya rufe katara

A shekarar 1987 aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da ciwon sida a ƙasar Nijar. Yaron da aka raɗa wa suna a waccan shekara a Kanambakashe ko a Korgom, yau magidanci ne mai iyali, wataƙila ma har ya aurar da ɗiyarsa ta fari. Shi ya girma a zamanin da gidan rediyo ba ya wuni bai ambaci sida ba, zamanin da motar furoje ke shiga ƙauye da lasifika da majigi, a tara jama'a a ƙofar mai gari, a yi wasan kwaikwayo, a amsa tambayoyi har dare ya raba. Ɗansa kuwa, wanda ke ɗaure ƴar jakarsa bana domin tafiya cin rani karo na farko, ya girma ne a lokacin da maganar ta yi sanyi, motocin suka yi ƙaranci, allunan bakin hanya suka koɗe har rubutunsu ba ya karantuwa. Uban ya ji, ko da bai yi aiki da duk abin da ya ji ba. Ɗan bai ji ba, alhali shi ne zai kwana a tashar Kano ko a bakin ramin zinariya na arewa, nesa da idon iyaye. Wannan giɓi da ke tsakanin uba da ɗa shi ne ya kamata ya hana magabatan gundumomin Tasawa da Mayahi barci, domin ilimin kare kai ba a gadonsa kamar gona. Kowace tsara sai an koya mata daga fari.

Babu mai musun cewa an ci nasara a wannan yaƙi, kuma adalci ne a faɗi haka. Binciken ƙasa na 2002 ya iske kusan mutum 9 cikin 1000 na masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ƙwayar cutar. Binciken lafiyar iyali na 2006 ya sami 7 cikin 1000, na 2012 ya sami 4 cikin 1000, ƙiyasin hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da sida na shekarun baya-bayan nan kuma ya sauko da adadin zuwa wajen 2 cikin 1000. Ƙasashe kaɗan ne a Afirka ke iya nuna irin wannan lissafi. Tun 2004 aka fara ba da magungunan rage kaifin cutar a ƙasar nan, kyauta, kuma mutanen da a da ake yi wa kallon gawa mai tafiya, har ana yi wa ciwonsu kirari da “kabari salamu alaikum”, yau suna noma, suna kasuwanci, suna haifar ƴaƴa masu lafiya.

Sai dai lissafi mai daɗin ji yana sa gyangyaɗi. Adadin ƙasa baki ɗaya tamkar matsakaicin farashin gero ne: ba ya gaya wa mai saye abin da zai tarar a kasuwar garinsu. Wancan bincike na 2002 da ya sami 9 cikin 1000 a tsakanin jama'a, shi ne kuma ya sami 14 cikin 1000 a tsakanin malaman makaranta, 17 a tsakanin direbobin manyan motoci, 38 a tsakanin sojoji, sa'an nan mace ɗaya cikin huɗu a tsakanin mata masu zaman kansu. Duk wanda ya dubi wannan jeri da idon basira zai ga abin da ya haɗa mazan cikinsa: mutane ne masu ɗan kuɗi a aljihu, waɗanda aiki ke raba su da iyalinsu wata da watanni. Ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati ba su da ikon ɗaukar wannan magana a matsayin ta talakan ƙauye kawai, domin su ne a sahun gaba. Haka kuma binciken 2012, wanda ya kawo albishirin raguwar cutar, ya zo da wani labari da ba a yayata ba: a cikin matasa masu shekara 15 zuwa 24, ƴan mata 14 kawai cikin 100, da samari wajen 25 cikin 100, ke da cikakken sani a kan yadda ake kamuwa da cutar da yadda ake kauce mata. Ƙasar da cuta ta ragu a cikinta alhali jahiltar cutar bai ragu ba, sa'a ta taimake ta tare da ƙoƙari, kuma ba a gina lafiyar al'umma a kan sa'a.

Tasawa da Mayahi ba ƙananan wurare ba ne. Ƙidayar 2012 ta ba gundumomin biyu jimillar mutum fiye da miliyan ɗaya, kuma tun daga lokacin jama'ar ta ƙaru ƙwarai, kusan rabinta yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Tasawa tsohon zango ne na fatake. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth ya ratsa ta a 1851 ya iske ayarin Abzin suna sauke kaya a kan hanyarsu ta zuwa Katsina da Kano. Yau babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta haɗa Maraɗi da Damagaram, ita ta maye gurbin hanyar raƙuma, tana bi ta Gazawa da Tasawa da Maijirgi ɗauke da manyan motoci dare da rana. Ƙauyukan kudu, wajen Hawan Dawaki, suna dab da iyakar jihar Katsina, shiga da fita ba ya yankewa. Mayahi kuma, a bakin Gulbin Kaba, ƙasa ce ta gero da wake da dabbobi wadda amfanin gonarta ba ya kai mafi yawan gidaje ƙarshen shekara. Saboda haka da zarar an ɗaure damma an zuba a rumbu, sai samari da magidanta su kama hanya: wasu Kano, wasu Legas, wasu Libiya da Aljeriya, wasu kuma, tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, sai wuraren haƙar zinariya na jihar Agadas. Ba su dawowa sai hadari ya fara haɗuwa. Wannan tafiya ita ke ciyar da gidaje, kuma babu mai hankalin da zai ce a daina ta. Amma hanyar da kuɗi ke bi su shigo gida, ita ce cuta ke bi, kuma faɗakarwar da ba ta san lokacin tafiya da lokacin dawowa ba, harbin iska take yi.

A nan ne ake ganin ɗaya daga cikin kura-kuran tsarin da aka saba. Ranar 1 ga Disamba ce ranar yaƙi da sida ta duniya tun 1988, kuma a ranar ce ake yin taro a manyan garuruwa, a raba riguna da huluna, kantoma ya yi jawabi, a ɗauki hoto. A wannan rana, mafi yawan waɗanda jawabin ya fi shafa sun riga sun bar Gidan Amumun da Urafan makonni da suka wuce. Tsofaffi da yara da mata ke sauraro. Kalandar da aka tsara a Janeba ba ta san kaka da bazarar ƙasar Hausa ba, kuma ba laifinta ba ne. Laifin na wanda ya karɓe ta ne bai daidaita ta da rayuwar mutanensa ba.

Wadda ta fi kowa shiga haɗari a wannan al'amari ita ce wadda ba ta je ko'ina ba. A jihar Maraɗi, bisa binciken 2012, kusan mata 9 cikin 10 ana aurar da su kafin su cika shekara 18, kuma jihar na cikin waɗanda ke kan gaba wajen yawan haihuwa, fiye da ƴaƴa 8 ga kowace mace. Yarinyar da aka kai ɗakin miji tana da shekara 15, wadda ba ta yi nisa a makaranta ba, ba ta da bakin da za ta tambayi mai gidanta inda ya kwana a watanni shida na rani, balle ta ce masa ya je a auna jininsa. An daɗe ana tara irin waɗannan mata a ƙarƙashin itace ana koya musu kamun kai da riƙon amana, alhali su ɗin sun kame, sun riƙe. Idan gidan mai mata biyu ne ko uku, cutar da mutum ɗaya ya shigo da ita takan zagaye ɗakuna duka, ta sauka kan jarirai. Idan aure ya mutu, bazawara ta sake wani, shi ma mijin ya sake wata, sai sarƙar ta ƙara tsawo ba tare da kowa ya aikata abin da jama'a za ta kira alfasha ba. Faɗakarwar da ta tsaya a kan mata kawai, don su ne ake samu a gida kuma su ne ke zuwa awon ciki, ta bar mai riƙe da mabuɗin a waje.

Akwai kuma abin da tsoron sida ya rufe, wato sauran cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa, waɗanda suka fi sida yawa nesa ba kusa ba, kuma sun riga ta zama a ƙasar Hausa. Ciwon sanyi da tunjere suna da sunansu a harshe tun kafin a san asibiti. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma likitoci sun tabbatar da haka a nan: gyambo ko kumburin da waɗannan cututtuka ke haddasawa a al'aura yana buɗe wa ƙwayar sida ƙofa, ya ninka haɗarin kamuwa. Su kansu kuma ɓarnarsu ba kaɗan ba ce. Ciwon sanyi yakan zauna a jikin mace ba tare da wata alama ba, ya hau ya toshe hanyar ƙwai, ta daina haihuwa. Sai a kira ta juya, a yi mata kishiya ko a sake ta, mijin da ya kawo ciwon kuma ya fita da farin suna. Jaririn da ya ratso ta jikin uwa mai ciwon yana iya rasa idanunsa. Tunjere a jikin mai ciki yana jawo ɓari da haihuwar gawa, ciki bayan ciki, har a fara zargin iska ko maita, alhali allurar fenisilin da aka yi wa uwar da wuri tana tsare abin da ke cikinta. Ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a duk yankin Sahel, shi ma yana bin jini da saduwa da haihuwa, kuma tun 2008 rigakafinsa na cikin alluran da ake yi wa jarirai a Nijar.

Abin da mafi yawan maza ke yi idan suka ji zafin fitsari sananne ne. Kunya ba ta barin su shiga gidan likita inda ma'aikacin ɗan unguwarsu ne ko kuma mace ce, sai su nufi mai tallar magani a faranti ranar kasuwa, su sayi kafso huɗu ko biyar da suka sha rana, su haɗiye. Zafin ya lafa, ƙwayar ba ta mutu ba, ta ma koyi jure wa maganin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha yin gargaɗi cewa ƙwayar ciwon sanyi ta bijire wa magunguna da dama da a da suke kashe ta. Ko an dace mutumin ya warke, matarsa ba a yi mata magani ba, mako biyu sai ciwon ya dawo masa daga ɗakinsa. Ƙa'idar likita a nan ɗaya ce: a yi wa miji da matansa duka magani a lokaci guda, a shanye shi har ƙarshe. Wannan jimla guda, da a ce kowane magidanci a Sarkin Hausa da Maijirgi ya haddace ta, da ta tsirar da aure da ciki masu yawan gaske.

Abin da ake buƙatar kowa ya sani game da sida kansa bai fi a faɗe shi a zama ɗaya ba. Hanyoyinsa uku ne: saduwa da mai ɗauke da ƙwayar ba tare da kariya ba, jini ta hanyar allura ko aska ko reza da aka yi amfani da ita a jikin wani, da kuma daga uwa zuwa ɗa a lokacin ciki ko haihuwa ko shayarwa. Sauro ba ya ɗaukarsa, musafaha ba ta ba da shi, cin tuwo a akushi ɗaya ko shan fura a ludayi ɗaya ba ya yaɗa shi. Mutum yana iya ɗaukar ƙwayar shekaru yana da ƙiba da ƙarfi, saboda haka ido ba ya ganewa, awon jini kaɗai ke faɗa, kuma awon na yau ba ya cin ko sa'a guda. Mai cikin da ba ta shan magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 na irinta ke kamuwa. Wadda ke sha yadda aka umurta, adadin yana sauka ƙasa da 5 cikin 100. Mutumin da ya dage da shan maganinsa har ƙwayar ta daina bayyana a awo, ba ya shafa wa iyalinsa ta hanyar saduwa. Wannan batu na ƙarshe sabon ilimi ne da bai kai kunnen mafi yawan mutanen karkara ba, kuma shi ne ya fi kowane iya kawar da tsoron awo, domin mutum ba ya neman sanin ciwon da ya ɗauka hukuncin kisa ne.

Tarihin wannan aiki a jihar Maraɗi ya riga ya nuna abin da ke ci da abin da ba ya ci. Korar mutane ba ta ci ba. Lokacin da jihohin Zamfara da Katsina da Kano suka ƙaddamar da shari'a a 1999 da 2000, mata masu zaman kansu da yawa sun tsallako zuwa ƙauyukan bakin iyaka irin su Firji da ke kan hanyar Jibiya, masu nemansu kuma suka biyo su. A watan Nuwamba na 2000, a zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA, an ƙona mashaya da gidajen mata a birnin Maraɗi. Sana'ar ba ta mutu ba, ta dai canza masauki, ta shige inda ma'aikacin lafiya ba ya iya iske ta. Abin da ya ci shi ne magana da mutane da harshensu, ta bakin wanda suka yarda da shi. Ƙungiyar Animas-Sutura, da tallafin ƙasar Jamus, ta sa wa kwaroron robarta suna Foula, ta jingina tallarta da kokowar gargajiya da gajerun wasannin rediyo, har abin da a da ake jin nauyin ambata ya sami wurin zama a teburin mai shago. Ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara, waɗanda CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, sun nuna cewa matan karkara na iya taruwa kowane mako shekara da shekaru ba tare da an biya su kuɗin zama ba, muddin taron nasu ne. A Senegal, malaman Musulunci sun yi babban taro a kan sida tun 1995, suka ɗauki maganar zuwa mumbari, kuma ƙasar na cikin waɗanda cutar ba ta taɓa yin ƙamari a cikinsu ba.

Raunin da ke cikin duk wannan ƙoƙari shi ne kusan komai da kuɗin waje aka yi shi. Magani da kayan awo da man mota da ɗan alawus na masu faɗakarwa, mafi yawansu daga Asusun Duniya na yaƙi da sida da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro suke fitowa, ko daga wata ƙasa mai ba da agaji. Furoje yana da ranar farawa da ranar rufewa; idan ya rufe, sai a kulle ofis, a mayar da motoci Yamai, matan da aka horar su koma daka da surfe. Shekarun nan sun nuna yadda igiyar take da rauni. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya rufe iyakoki har zuwa Fabrairun 2024, kayan asibiti suka maƙale a hanya, wasu masu ba da agaji suka dakatar da nasu. A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta tsayar da taimakonta na ƙasashen waje, daga baya ta rufe hukumarta ta USAID, girgizar kuma ta taɓa yaƙi da sida a duk faɗin Afirka. Ana ta maganar ƴancin kai da dogaro da kai a kowane dandali a ƙasar nan. Magana ce mai kyau, kuma ga wurin gwada ta: ƙasar da ke son tsayawa da ƙafarta ba ta jiran baƙo ya zo ya gaya wa ƴaƴanta yadda za su tsare jininsu. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga kiwon lafiya, kuma alkawari kaya ne.

Magani sai an saye shi da kuɗi masu yawa, wannan nauyin gwamnatin tsakiya ne. Faɗakarwa kuwa ba ta fi ƙarfin gunduma ba, kuma ga inda ya kamata a fara.

Na farko, ƙananan hukumomi 15 na Tasawa da Mayahi su buɗe layi na dindindin a kasafinsu domin wannan aiki, daga kuɗin tikitin kasuwa da na tasha da suke karɓa kowane mako. Tun watan Afrilun 2024 da aka rushe zaɓaɓɓun majalisu, waɗanda aka naɗa ne ke riƙe da ƙananan hukumomin. Rashin zaɓe bai ɗauke musu bayani ga talakawan da ke biyan haraji ba. A liƙa abin da aka ware da abin da aka kashe a ƙofar ofis, kowa ya gani.

Na biyu, a mayar da kalandar faɗakarwa kan kalandar manomi. Zama biyu ne masu muhimmanci a kowane ƙauye: ɗaya da kaka, kafin ƴan cin rani su tashi, ɗaya da bazara, lokacin da suke dawowa. A zaman dawowa a zo da kayan awo, a keɓe wuri mai sutura, mai gari da limami su fara miƙa hannunsu domin kunya ta faɗi.

Na uku, asibitocin gunduma biyu da cibiyoyin lafiya na karkara su tabbata kayan awon sida da na tunjere da allurar fenisilin ba su yanke ba, musamman a wurin awon ciki, wanda gwamnati ta ɗauke wa mata kuɗinsa tun 2006. Babu amfanin a kira mutum awo ya zo a ce masa kaya sun ƙare. A ware wa maza lokaci ranar kasuwa, da ma'aikaci namiji. Sa'an nan a tsare sirri. Dokar 2007, wadda aka sabunta a 2015, ta hana tozarta mai ɗauke da cutar da fallasa shi, amma a ƙaramin gari kalma ɗaya da ta fita daga bakin ma'aikacin lafiya a majalisar shayi ta isa ta kori ƙauye guda daga awo na shekaru. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya karɓi albashin wannan aiki ya karɓi amanar da ke cikinsa, wanda ya ci amanar kuma a hukunta shi a fili.

Na huɗu, malamai da sarakuna su ɗauki maganar awo kafin aure, na budurwa da na bazawara, na fari da na ƙari. Jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024. Doka kaɗai ba ta isa ba, domin takardar da aka tilasta ana iya sayenta a bayan fage. Abin da ya fi doka ƙarfi shi ne waliyyi ya ɗauki awo a matsayin haƙƙin ɗiyarsa, kamar yadda yake bincikar asalin mai nema da sana'arsa, liman kuma ya bayyana a huɗuba cewa cutar da iyali da gangan ko da sakaci zalunci ne, jinyar mara lafiya da rufa masa asiri kuma ibada ce. Wanda awo ya nuna yana ɗauke da ƙwayar ba a rufe masa ƙofar aure ba; an buɗe masa ƙofar magani.

Na biyar, a jawo wanzamai da ungozomai cikin aikin a matsayin abokai. Su ne ke riƙe da aska ranar suna da ranar kaciya, su ke yin ƙaho da cire beli, su ke yanke cibi a ƙauyen da babu likita. Sarkin aska na kowane gari ya tara mutanensa a kan ƙa'ida guda, reza ɗaya mutum ɗaya, kayan da ba a yarwa kuma a tafasa su. Farashin reza bai kai na goro ba.

Na shida ya rataya a wuyan ƴan kasuwa da ma'aikata su kansu. Ƙungiyoyin direbobi da ƴan kamasho da ƴan kabu-kabu suna da shugabanni da asusu da ikon hana mota lodi. Suna da ikon sa a yi zaman faɗakarwa a tasha sau ɗaya a wata. Attajirin da ke aika yaransa Kano da Kwatano da kaya yana kula da lafiyar tayar motarsa, ya kamata ya kula da ta yaron motar. Ƙungiyoyin ƙwadago na malaman makaranta da ma'aikatan lafiya, waɗanda suka iya tsayar da aiki a kan albashi, su sa wannan batu a ajandarsu, su kuma matsa a rage raba ma'aikaci da iyalinsa shekara da shekaru idan aka canza masa wurin aiki. Malamin da aka tura ƙauye shi kaɗai, da albashi a hannu da ƴan mata a aji, yana buƙatar a yi masa magana tun yana makarantar horo, kuma wanda ya ci amanar ɗaliba ba shi da wurin zama a cikin aikin. Gidajen rediyon al'umma kuma su ba maganar fili na kowane mako da Hausar gida, inda mai sauraro zai buga waya ya yi tambaya ba tare da faɗin sunansa ba.

Za a sami masu cewa jihar Maraɗi na da matsalolin da suka fi wannan gaggawa: tamowa a jikin yara, zazzaɓin damina, ƴan bindiga a kan iyakar kudu maso yamma, tsadar hatsi. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ba a nemi a gina sabon asibiti ko a sayi sabuwar mota ba. Abin da ake nema magana ce a lokacinta, ta bakin mutanen gari, da ɗan kuɗin da kasuwannin gundumomin ke iya fitarwa. Ciwon da aka hana shiga jikin saurayi ɗan shekara 18 ya ɗauke wa ƙasa sayen magani na shekara arba'in ko fiye, ya ɗauke wa wani gida maraici. Za a kuma sami masu cewa ambaton waɗannan abubuwa a bainar jama'a rashin kunya ne da koya wa yara lalata. Yaran sun riga sun ga abin da ya fi haka a wayar hannu, babu mai fassara musu, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wajen mutum dubu talatin ke rayuwa da ƙwayar sida a Nijar a yau, wasunsu ba su sani ba, kuma kowace shekara ana samun sababbin kamuwa. Adadin ƙarami ne har yanzu, wanda ke nufin ana iya riƙe shi da ƙaramin ƙoƙari idan ƙoƙarin bai yanke ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Kaka na zuwa kowace shekara, motocin ƴan cin rani za su sake cika a tashar Mayahi da ta Tasawa, kuma kafin su tashi ya kamata a ce wani daga cikin garin, mai gari ko liman ko sarkin tasha, ya riga ya zaunar da samarin ya gaya musu abin da aka gaya wa iyayensu.